Ƙwarya, Gora da Bakin Garma: Yadda Aka Haɗa Sautin Ƙarƙashin Ruwa a Wani Gajeren Fim na Argungu

Aikin da zan zayyana a nan na wani gajeren fim ne da wasu matasa 'yan Birnin Kebbi suka ɗauka a bakin gulbi kusa da Argungu. Labarin ba shi da rassa. Wani dattijon masunci ne ya fita kamun kifi da ɗansa da la'asar sakaliya, homa, wato komarsu ta kamun kifi, ta maƙale a saiwar itace can ƙasa, yaron ya nutsa don ya ɓanɓaro ta, ya daɗe bai taso ba. Uban yana kwance bisa gora yana jira. Daga nutsewar yaron har tasowarsa babu wanda ya ce uffan, kuma nan ne gundarin labarin. Hoton bai taimaka ba, domin ruwan gulbi ba garau yake ba, kyamara ba ta kama komai sai launin laka da inuwar hannu. Dole kunnen mai kallo ya ɗauki nauyin da ido ya kasa.

Na zauna da su a zaman ɗaukar sautin, kuma ina ganin ya kamata a rubuta abin da ya gudana, domin duk mai son yin fim a kan rayuwar mutanenmu zai taka wannan ƙayar.

Haɗin farko da abin da masunta suka ce

Mai haɗa sautin ya fara da abin da kowa ke yi. Tun da harkar fim ɗin Hausa ta kankama wajen 1990, fiyano irin na Yamaha ne ya daɗe yana ɗauke da mafi yawan kiɗan, yanzu kuma an ƙara da tarin sautukan da ake saukewa daga intanet. Ya sauko da kumfar ruwa, da bugun zuciya, da wani dogon gurnani irin na finafinan ban tsoro, ya jera su a ƙarƙashin hoton. A cikin shagonsa abin ya yi daɗin ji.

Sai suka kai wa masuntan da suka ba su aron jirgi da gora, aka kalla a waya. Da aka gama, babbansu ya dubi mai sautin ya ce, "Ɗana, wanga ruwa na wane gari ne? Namu ba ya wanga kuka."

Dattijon ya yi gaskiya. Irin waɗannan sautuka galibi a kwamin wanka ko a teku ake ɗaukarsu, kumfarsu na fita siririya, tar-tar. Wanda ya nutsa a gulbi mai laka kuwa abin da yake ji shi ne toshewar kunne, da bugun jininsa, da duk wani abu da ya taɓa gora ko cikin jirgi daga sama. Kuma mutanen Argungu ba baƙin ruwa ba ne. Bikin kamun kifinsu a siffar da aka san shi yau ya samo asali ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Wanda ya tashi yana jin ƙarar goruna da ganguna a gulbin Matan Fada, inda ake bikin, ba a ruɗin kunnensa da ruwan wani wuri.

Daga nan daraktan ya yanke shawarar a zubar da duk abin da aka sauko da shi, a nemo mutane su yi sautin da hannunsu suna kallon hoton.

Dabarar tsohuwa ce. A Amurka, wani mai suna Jack Foley ya fara ta a kamfanin Universal a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana: a haska hoto, mutum ya tsaya gaban makirfo yana yin takun ƙafa da motsin tufafi daidai da abin da ke gudana. Har yau da sunansa ake kiran sana'ar. Amma abin da matasan nan suke nema ya ɗan bambanta. Babu taku ko buɗe ƙofa a ƙarƙashin ruwa. Suna neman sautin da zai tsaya tsakanin kiɗa da ƙara, wanda zai shigar da mai kallo cikin ƙirjin yaron.

Kowane kiɗa da mai shi

Gwajin farko da kalangu aka yi, kuma tunanin da ya kai su can mai kyau ne. Makaɗin kalangu na matse tsarkiyar a hammata muryar ta hau, ya saki ta sauka, don haka ana iya yin sautin da ke gangarowa a hankali daidai da nutsewar mutum. Makaɗin ya yi aikin da kyau ƙwarai. Da aka nuna wa mutane, sai aka ga murmushi, wani har yana kaɗa ƙafa. Wani kuma ya tambaya take na wa ake yi.

A nan ne aikin ya gamu da babbar matsalarsa, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar nazari. A ƙasar Hausa kayan kiɗa ba su zo a sake ba, kowanne da mutanensa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da dandali. Garaya ta maharba ce da masu bori. Tambari da kakaki na sarki ne, taushi da kotso na makaɗan fada, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida. Da zarar Bahaushe ya gane abin da ake kaɗawa, hankalinsa ya bar yaron da ke ƙasan ruwa ya tafi gidan biki ko ƙofar fada. Kalangu ma ya fi sauran wahala, domin magana yake yi, mai sauraro kuwa sai ya kasa kunne ya ji me aka ce. An kawo shawarar garaya, daraktan ya ƙi nan take: ba ya son a ɗauka aljanun ruwa ne suka riƙe yaron, alhali labarinsa na saiwar itace ne da ƙarancin numfashi. An gwada bambaro, ya ba da dariya, aka ajiye.

Ƙa'idar da suka tsaya a kanta daga baya biyu ce. Ko a ɗauki abin kiɗa a kaɗa shi ba yadda aka saba ba har kunne ya kasa kiran sunansa, ko a ɗauki abin da ba na kiɗa ba a danƙa wa hannun makaɗi. Manufar ita ce mai kallo ya ji sautin na gida ne, amma ya rasa inda ya san shi.

Ƙwaryar Inna

Bugun zuciyar yaron wata dattijuwa ce ta yi shi, wadda ta daɗe tana kiɗan ƙwarya a bukukuwan unguwarsu. Ta hannun babban ɗanta aka nemi izini, shi ne kuma ya riƙa rako ta. Kiɗan ruwa ta sani tun tana yarinya: a cika baho, a kifa ƙwarya a kai tana yawo, a kaɗa da 'yan sanduna. Da aka yi mata bayani ta ce ita ba ta san kiɗan da babu waƙa ba. Mai sautin ya durƙusa ya juyo mata da fuskar kwamfutar ya ce, "Inna, ki dubi yaron nan kawai. Numfashinai na ƙarewa. Ki yi mai abin da ranki ya ba ki."

Ta kalli wurin sau da dama ba ta taɓa ƙwaryar ba. Sannan ta ajiye sandunan, ta naɗe dunƙulen hannunta da ɗankwali, ta fara bugu biyu-biyu, a hankali. Naɗin ya kashe kaifin da ke sa a gane kiɗan ƙwarya, ya bar kauri kawai.

Abin da ta yi bayan haka babu wanda ya ce ta yi. Da yaron ya fara fafutikar kwance homar, sai ta riƙa karkata ƙwaryar da hannun hagu, iskar da ke ciki na fita kaɗan-kaɗan. Iskar da ƙwarya ta rufe a kan ruwa ita ce ke ba ta murya. In tana da yawa muryar ta yi kauri, in ta ragu muryar ta hau ta matse. Haka bugun ya riƙa hawa yana ƙuntata a daidai lokacin da iskar ƙirjin yaron ke ƙarewa. Kuma bai tafi daidai wa daida ba. Wani wurin ya yi sauri, wani wurin ya yi tuntuɓe, a inda hannun yaron ya kuɓuce ta tsaya cak na ɗan lokaci kafin ta ci gaba. Bugun zuciyar da aka sauko daga intanet ɗan guntu ne da ake maimaitawa, kunne na gane maimaicin cikin 'yan daƙiƙu ya daina kula shi. Nata bai bari kunne ya zauna ba, domin ita ma tsoro take ji wa yaron. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa hujjar duk wahalar da aka sha.

Ƙarfe cikin ruwa

Sautin nutsewa daga maƙera ya fito. Suka ari tsohon bakin garma, suka rataye shi da igiya bisa rabin duro cike da ruwa. A doke shi da itace, sannan a saukar da shi cikin ruwan yana kan kuka. Ruwan da ya kewaye ƙarfen yana ƙara masa nauyi, girgizarsa ta ragu, muryar ta gangaro ƙasa. Abin da aka nema wurin kalangu ke nan, amma ba tare da take ba. Matsalar ita ce ruwa na saurin kashe kukan ƙarfe, saboda haka sai makaɗin kalangun nan, wanda aka riƙe duk da an ajiye kalangunsa, ya riƙa taɓa shi a hankali ba tsayawa da sanda mai tsumma a kai, wani kuma yana sakin igiyar. Da aka zo tasowar yaron aka juya aikin, ana kaɗawa ana ɗagowa.

Toshewar kunne kuwa da tasa aka yi ta. An zuba ɗan ruwa a ciki, aka ɗora gindinta bisa yatsu, wani mai goge ya ja baka a leɓenta. Kwanon da aka shafe da fenti bai amsa ba sam, siririyar tasar ƙarfe ce ta yi kuka, in aka juya ruwan cikinta kuma kukan ya riƙa lanƙwasa. Mai gogen ya ƙi ba da bakansa na aiki, ya ce ƙarfe zai cinye izgar, kuma yana da gaskiya. Sai da aka samo izgar doki ya ɗaure wani bakan daban ya shafe shi da ƙaro. Akwai irin wannan abu da wani Ba'amurke, Richard Waters, ya ƙera a ƙarshen shekarun 1960, kwanon ƙarfe mai ruwa a ciki da tsinkayen ƙarfe a kewaye, wanda masu finafinan ban tsoro suka daɗe suna amfani da shi. Tasar ta ba da kusan muryarsa, kuma nan ne aibinta. A ra'ayina har a haɗin ƙarshe ta yi yawa, tana jan fim ɗin zuwa ga tsoron waje wanda aka gudo daga gare shi. Daraktan bai yarda da ni ba, ya bar ta.

Gora ba ta ba da wahala ba. Uban a cikin labarin yana buga bakinta da tafin hannu a matsayin kiran ɗansa, kuma ɗaya daga cikin masuntan ne ya zo da tasa gorar ya yi bugun. Don a ji shi yadda na ƙasa zai ji, aka ɗora gorar a kan ruwan duron. Ba su da makirfon shiga ruwa, sai suka manna ɗan siririn faifan nan da ake samu cikin ƙararrawar wasu na'urori a jikin duron ta waje. Shi girgizar ƙarfe yake ɗauka, ba ya jin iskar ɗaki, sautin ya fito a dushe, daga nesa.

Akwai wurin da giwar ruwa, babban kifin nan, ta gifta yaron a ƙasa, kuma da shantu aka yi sautinta. Wata yarinya daga gidan Inna ta buga sau ɗaya a cinya ta toshe bakin da hannu, aka rage saurin sautin da rabi a kwamfuta, abin da ke rage girgizarsa da rabi shi ma. Shantu ta ɓace, wani abu mai nauyi ya wuce. Nan kaɗai kwamfuta ta sauya siffar sauti a duk aikin.

Ɗaki, lokaci da waya

Shagon mai sautin na siminti ne da rufin kwano, duk bugu sai ya dawo da amsa-kuwwa. Suka koma wani tsohon soron ƙasa mai azara a gidan dangin daraktan. Katangar ƙasa mai kauri ba ta barin hayaniyar waje ta shigo sosai, da aka rataya barguna da tabarmi sai ɗakin ya yi tsit. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma gunjinta kan shiga na'ura in an jona ta da bango, ga shi kusa da inda kaurin ƙwarya yake, cire shi sai ya ɓata ƙwaryar. Don haka da batir suka yi komai. Mazan suka yi nasu aikin da tsakar dare bayan janaretocin unguwa sun mutu, zuwa kafin kiran assalatu. Inna da yarinyar da hantsi suke zuwa, lokacin da yara ke makaranta. Hunturu ake yi, ƙwarya ɗaya ta tsage saboda jiƙa da bushewa, aka sha wuya kafin a sami wata mai kusan muryarta.

Da aka gama haɗawa aka saurara a manyan lasifikoki, ƙirji har rawa yake. Aka tura a waya, bugun zuciyar ya ɓace gaba ɗaya. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya tura iskar da sauti mai kauri ke bukata, alhali kusan duk wanda zai kalli fim ɗin a waya zai kalla. Maganin da suka samu shi ne a sake kiran Inna, a sa mata abin sauraro a kunne ta ji bugunta na farko, ta bi shi da gaɓar yatsa a kan ƙaramin ƙoƙo busasshe. Aka ɗora wannan a kan wancan a hankali. Wayar tana fitar da na ƙoƙon, kunne kuma ya cike sauran da kansa. Bin bugun da ba shi da tsari ya fi yinsa wuya, wannan zaman ya fi kowanne gajiyar da ita.

Haɗin farko na kayan nan ya zama miyar da aka cika wa yaji, komai na kuka lokaci guda. Daraktan ya yi ta ragewa har ya zama ba a jin fiye da abu biyu a tare, kuma dab da tasowar yaron ya cire komai na 'yan daƙiƙu. Fantsamar ruwan da ta biyo baya ba a yi ta a duro ba. An gwada, ba ta yi ba, dole aka koma gulbi wani yaro ya nutsa ya taso aka ɗauka.

Da aka mayar wa masuntan, ba su yi magana ba har aka gama. Babbansu ya ce bugun gorar haka yake, sai dai a ƙasa bai kai haka ƙarfi ba. Aka rage shi.

Abin da ya biyo baya

Aikin sautin ya ci lokaci fiye da ɗaukar hoton kansa, kuma kuɗin da aka ware don talla ne ya tafi wurin sallamar makaɗa da maƙeri da sufuri. Wanda ke fitar da shiri mai dogon zango duk mako ba zai iya haka a kowane sashe ba, kuma ba kowane fage ke bukata ba. Wannan ya bukata saboda babu magana kuma babu hoto mai haske.

Wurin da aka yi sakaci shi ne yarjejeniya. An sallami kowa a ranar aikinsa, da baki, ba takarda. Bayan fim ɗin ya zaga, wani furodusa ya nemi mai sautin ya sayar masa da ɗanyen abin da aka ɗauka don ya yi amfani da shi a nasa aikin. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta tanadi haƙƙi ga wanda ya gabatar da wasa ko kiɗa a kan ɗaukarsa da yaɗa shi, kuma ko babu doka, Inna don yaro ɗaya ta yi kiɗanta, a fim ɗaya. Ga kuma batun suna: iyalinta ba su so a rubuta sunanta a ƙarshen fim ɗin ba, aka mutunta hakan, wanda ke nufin in sautin ya shiga hannun wasu babu abin da zai nuna nata ne.

Mai sautin ya ƙi sayarwa. Ya rubuta takarda da Hausa, ya je gidan aka karanta mata a gaban ɗanta. Ta yarda a kan duk fim ɗin da zai yi amfani da bugunta sai an zo an nuna mata wurin, an kuma biya ta daban. Masuncin da yarinyar suka bi bayanta. Mai gogen shi kaɗai ya ƙi sa hannu. Ya ce kada a ba kowa nasa, duk mai son kukan tasa ya aiko a kira shi ya zo ya ja sabo. Furodusan bai sake tuntuɓa ba, sautukan suna nan a ajiye a kwamfutar mai sautin da wani kwafi a hannun daraktan.